Hanyar Ratse a Kan Nilu: Yadda Ake Tsallakar da Jama'a Kafin a Sake Gina Gada

Hanyar ratse ita ce hanyar wucin gadi da ake buɗe wa motoci da masu tafiya a ƙasa idan an rufe gada domin a rushe ta a gina sabuwa, ko domin a yi mata babban gyara. A kan ƙaramin rafi aikin ba shi da wahala. Ana jera kwalbatoci a cikin ruwan, a zuba marmara a kai, a daddanne ta, motoci su ratse ta gefe har a gama. Duk wanda ya saba bin manyan hanyoyin arewacin Najeriya ko kudancin Nijar ya sha ganin irinta. Amma idan kogin babba ne, kuma ya keta tsakiyar birni, hanyar ratse kan zama aiki mai zaman kansa, da zanensa da kuɗinsa da injiniyoyinsa, kuma dole a kammala ta kafin a kwance ko ƙusa ɗaya a jikin tsohuwar gadar. Babban birnin Sudan na cikin wuraren da wannan magana ta fi fitowa fili.

Birnin garuruwa uku ne da ruwa ya raba. Farin Nilu ya taho daga kudu, Shuɗin Nilu ya gangaro daga duwatsun Habasha, suka haɗu a wurin da ake kira Mugran, daga nan suka zama kogi ɗaya suka nufi Masar. Hartum na zaune tsakanin kogunan biyu. Umdurman na yamma, Bahri kuwa na arewa maso gabas. A tsakiyar mahaɗar akwai tsibirin Tuti. Mutum na iya kwana a Umdurman, ya yi aiki a wani ofishi a Hartum, ya je sayen kaya a masana'antun Bahri, duk a rana guda, kuma kowace tafiya sai ya hau gada, wadda mutanen garin ke kira kubri. Hausawan da suka daɗe da zama a Sudan, jikokin mahajjatan da suka bi ta ƙasa zuwa Makka, su ma haka rayuwarsu take a wannan birni.

Gadojin ba sa'annin juna ba ne. Ta farko, wadda ta haɗa Hartum da Bahri a kan Shuɗin Nilu, kamfanin Cleveland Bridge na Ingila ne ya gina ta tsakanin 1907 da 1909, tana ɗauke da titin mota da layin dogo. Tsohuwar gadar Farin Nilu, wadda ta haɗa Hartum da Umdurman, kamfanin Dorman Long ya gina ta tsakanin 1924 da 1926, kuma tsawonta ya ɗara mita 600. Gadar Shambat ta zo a shekarun 1960, ta kankare ce, ta haɗa Umdurman da Bahri kai tsaye, tsawonta ya haura kilomita guda. Daga baya aka ƙara wasu: ta Burri, ta Fitihab, ta Manshiya, ta Mak Nimir, ta Tuti, da ta Halfaya a can arewa. Ko da zaman lafiya ake yi, gadar ƙarfe da ta kai shekara 100 tana ɗaukar lodi dole wata rana a rufe ta. Sai kuma yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023 tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ya ƙara wa al'amarin nauyi. Ranar 11 ga Nuwamba, 2023 aka karya gadar Shambat, kowane ɓangare ya ɗora wa ɗaya laifin. A watan ne kuma aka lalata mashigin da ke kan madatsar ruwa ta Jabal Auliya da ke kudu da birnin, a 2024 kuma wani sashe na gadar Halfaya ya samu rauni.

Rashin Shambat kaɗai ya isa ya nuna girman matsalar. Wanda zai tashi daga kasuwar Umdurman zuwa Bahri, wanda a da gada ɗaya zai hau, bayan karyewarta ko dai ya yi arewa ya nemi Halfaya, ko ya yi kudu ya tsallaka Farin Nilu ya shiga tsakiyar Hartum, sannan ya sake tsallaka Shuɗin Nilu. Wato mota ɗaya ta cinye gurbi a kan gada biyu, ta kuma ƙara cunkoso a unguwannin da ba ta da abin yi a cikinsu.

Shi ya sa aikin hanyar ratse ke farawa da ƙidaya. Ana zaunar da ma'aikata a bakin gada kwana da kwanaki suna lissafa abin da ke wucewa awa bayan awa: ƙananan motoci nawa, bas-bas nawa, tireloli nawa, raksha nawa, wato keken da ake kira a-daidaita-sahu a Kano, amalanken jaki nawa, masu tafiya a ƙafa nawa. Ana tare wasu direbobi a tambaye su inda suka fito da inda za su, domin sanin adadin mota ba ya wadatarwa idan ba a san inda ta nufa ba. Ana kuma lura da ranaku, don safiyar Lahadi, wadda ita ce farkon makon aiki a Sudan, daban take da ta Juma'a, kuma awa ɗaya kafin buɗa-baki a watan azumi daban take da kowace awa a shekara. Layi ɗaya na titi mai kyau, ba tsayawa ba kwana, kan ɗauki ƙananan motoci kusan 1,800 zuwa 2,000 a awa. A hanyar ratse mai ƙunci da lanƙwasa adadin kan ragu sosai. A ɗauka, a matsayin misali, motoci 3,000 ke neman tsallakawa a awa guda da safe, hanyar wucin gadin kuma 1,500 kawai take iya ɗauka. Kafin awar ta cika motoci 1,500 sun yi layi. Idan kowace ta ci mita 7 na titi, layin ya wuce kilomita 10. Wannan lissafi mai sauƙi shi ne ke bambanta shirin da aka yi da hankali da wanda aka yi don a ce an yi.

Bayan ƙidaya sai zaɓi. Mafi kyawun dabara, inda hali ya yi, ita ce a gina sabuwar gadar a gefen tsohuwar, jama'a su ci gaba da bin tsohuwar har ranar da za a karkata su zuwa sabuwar. Tsohuwar gadar ita ce ta zama hanyar ratse, ba a kashe ko kwabo a kan wata ba. Abin da take buƙata shi ne fili a gaɓa biyu, wanda a cikin birni yakan nufin sayen filaye da biyan diyya. Wata dabarar ita ce a raba gadar biyu, a rufe hannu ɗaya a yi aiki, motoci su bi ɗaya hannun. Haka aka yi a Legas a watan Yulin 2020 lokacin gyaran gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12: da safe aka bar hannun da ke buɗe ga masu shiga tsibiri, da rana aka juya shi ga masu komawa gida. Irin wannan juyi zai dace da mashigan Farin Nilu, domin da safe yawancin motoci daga Umdurman suke kwararowa zuwa Hartum, da yamma su koma, kuma kasancewar gadar Fitihab kusa da tsohuwar gada ya ba da damar a rufe ɗaya a jingina da ɗaya. Sai dai duka dabarun biyu na buƙatar gada mai rai. A Shambat, inda wani sashe ya faɗa ruwa, babu abin da za a raba.

Nan ne ake komawa ga gadar ƙarfe ta haɗawa. Asalinta ƙirar wani injiniyan Ingila ne mai suna Donald Bailey, a farkon yaƙin duniya na biyu. Ya ƙera ta da gutsattsarin ƙarfe iri ɗaya, kowanne tsawon kusan mita 3 da nauyin kusan kilo 260, yadda mutum shida za su ɗaga shi ba tare da injin ɗaga kaya ba. Ana haɗa gadar a kan tudu, a ɗora ta a kan tayoyin ƙarfe, a riƙa tura ta gaba da wani hanci marar nauyi har ya taɓa ɗaya gefen. Idan ana son ƙarin ƙarfi sai a jera gutsattsarin biyu-biyu ko uku-uku, ko a ɗora wani bisa wani. Jikokin wannan ƙira suna nan ana aiki da su a duniya. Iyakarta ita ce tsawo: irin ta asali ba ta wuce kusan mita 60 ba tare da abin tokare ta ba. A kogin da faɗinsa ya kai ɗaruruwan mitoci dole a kafa mata ginshiƙai a cikin ruwa. Idan ginshiƙan tsohuwar gadar sun tsira, ana iya ɗora ta a kansu ta cike gurbin da ya karye, amma sai bayan masu nutso da injiniyoyi sun duba su tun daga tushe, domin fashewar da ta karya saman gada na iya tsaga kankare a inda ido ba ya gani. Kuma wannan dabara na da tarko: gadar wucin gadin ta zauna daidai inda za a gina ta dindindin, ranar da za a fara babban aikin sai an sake neman wata hanyar.

Akwai kuma gada mai yawo a kan ruwa, wadda ake shimfiɗawa bisa jerin jiragen ƙarfe masu faɗi da aka ɗaure da anga. Tana da saurin kafawa, amma tana hawa da sauka tare da ruwan, tana tare hanyar jiragen ruwa, ba ta son nauyi, ba ta son gudu. Sai jirgin fito, wanda 'yan Sudan ke kira bantun. Da shi mutanen Tuti suka yi ta tsallakawa kafin a gina musu gada a ƙarshen shekarun 2000. Jirgin fito ba zai maye gurbin gadar birni ba, amma yana rage nauyi ƙwarai idan aka ware shi ga masu ƙafa da babura da amalanke, aka gina masa mashiga mai kyau, aka kuma tsare adadin da zai ɗauka.

Wani lokaci akan ji labarin ƙasashen da suka buɗe hanyar wucin gadi cikin 'yan kwanaki. A Filadelfiya ta Amurka, a watan Yunin 2023, wata tankar mai ta kama wuta a ƙarƙashin gada, sashen gadar ya rufta, aka cike gurbin da wata tsakuwa marar nauyi da aka sarrafa daga kwalba, aka shimfiɗa kwalta a kai, motoci suka koma bi cikin kwana 12. Aiki ne mai kyau. Amma abin da ke ƙarƙashin waccan gada titi ne. Wanda ya yi tunanin cike Nilu haka bai san Nilu ba.

Ruwan shi ne mai yanke hukunci a kan duk abin da aka faɗa. Farin Nilu mai natsuwa ne, ba ya canzawa sosai a shekara. Shuɗin Nilu kuwa daga watan Yuli yake fara cika da ruwan damunar Habasha, ya kai ƙololuwa a Agusta da farkon Satumba, ja-wur da laka, ɗauke da itatuwa da tarkace. Ƙarfinsa kan kai ya tokare Farin Nilu a Mugran, ruwan ya taru a baya ya faɗaɗa kamar tafki. Tsakanin ƙarancin ruwa na bazara da cikar damina akwai bambancin mitoci da dama. Birnin bai manta da ambaliyar 1946 da ta 1988 ba, sannan a Satumban 2020 ma'aunin ruwa a Hartum ya haura mita 17 da rabi, abin da ya zarce na waɗancan shekarun. Injiniyan da ya je bakin kogi a watan Afrilu ya ga rairayi da tsibirai a fili, ya zana hanyar ratse a kan abin da ya gani, ya zana abin da ruwan Agusta zai tafi da shi.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowane mai ba da kwangila ya sani. Gadar dindindin akan zana ta don ta jure ambaliyar da ake sa ran gani sau ɗaya a shekara 100. Aikin wucin gadi kuwa, don rage kuɗi, akan zana shi a kan ƙaramar ambaliya, misali irin ta sau ɗaya a shekara 10. Kalmar na yaudara. Ma'anarta ita ce a kowace shekara akwai yiwuwar kashi 10 cikin 100 ta zo. Idan aikin gada zai ɗauki shekara 3, yiwuwar a gamu da ita ta kai kashi 27 cikin 100, wato fiye da ɗaya cikin huɗu. Idan kwangila ta yi jinkiri ta kai shekara 6, yiwuwar ta kusa rabi. Ayyukan gada kuwa jinkiri ɗabi'arsu ce. Don haka hanyar ratse a kan Nilu ta cancanci a zana ta da ma'aunin da ya fi na ƙaramin rafi nesa ba kusa ba, ko da kuɗin zai ƙaru.

Haɗari na biyu ba a ganinsa daga sama. Duk abin da aka kafa a cikin kogi yana matse wa ruwa hanya, ruwan da aka matse kuma gudu yake ƙarawa, ya riƙa kwashe yashin da ke gindin ginshiƙi har ya bar shi a rataye. Wannan zaizaya ta ƙarƙashi na cikin manyan abubuwan da ke kayar da gadoji a duniya. Maganinta shi ne a kafa turakun ƙarfe su nutse can ƙasa da inda zaizayar za ta iya kaiwa, a zagaye gindinsu da manyan duwatsu, a kuma riƙa auna zurfin wurin a duk lokacin cika. Idan an zuba ƙasa daga gaɓa don a rage tsawon gadar wucin gadin, ruwan da aka tare zai tashi a baya, kuma waɗanda za su fara ji a jikinsu su ne mazauna Tuti da unguwannin bakin kogi. Mutanen Tuti na da tsohon tsarinsu na gadin ambaliya da suke kira taya, inda suke raba gaɓar tsibirin a tsakaninsu suna tsaro dare da rana. Ilimin da suke da shi na inda ruwa ke fara shiga abin tambaya ne kafin a zana komai. Yanzu kuma an samu sabon abu: babbar madatsar da Habasha ta gina a kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara cikawa a 2020, ta sauya yadda ruwan ke zuwa. Tare da madatsun Rusairis da Sinnar na cikin Sudan, hakan na nufin tsayin ruwa a Hartum ya danganta da lokacin da aka buɗe ƙofofi a sama. Mai aiki a cikin kogin dole ya kasance yana samun labarin sakin ruwa a kan kari.

A kan tudu ma akwai aiki. Yawancin Umdurman na kan ƙasa mai tauri, amma a ɓangaren Hartum da Bahri akwai baƙar laka mai kumbura idan ta sha ruwa, ta tsattsage idan ta bushe. Titin da aka shimfiɗa kai tsaye a kanta ba ya ganin damina biyu. Sai an kwashe ta ko an gauraya ta da farar ƙasa, an zuba tsakuwa, an yi magudanai. Zafi ma na da nasa rabon: a Mayu da Yuni yakan wuce digiri 40, kwalta ta yi laushi a ƙarƙashin taya, ƙarfe kuma ya miƙe. Gadar ƙarfe mai tsawon mita 100 na ƙara kusan santimita 3 da rabi idan zafinta ya tashi da digiri 30, don haka ake bar mata wurin motsi a ƙarshenta. Akwai kuma abin da yaƙi ya bari. Harsasai da bama-baman da ba su fashe ba na iya kasancewa a gaɓa da cikin tarkacen da ya faɗa ruwa. Babu katafilar da ya kamata ta sa baki a ƙasa kafin masu kwance bam su share wurin.

Nauyin kaya shi ne abin da ya fi saurin kashe hanyar wucin gadi. Gwajin da aka yi a Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan layin tayoyi ɗaya ya ninka biyu, ɓarnar da yake yi wa titi takan ninka kusan sau 16. Tirela guda da aka yi wa lodin wuce kima tana cin titi fiye da dubban ƙananan motoci. Ga gadar ƙarfe ta haɗawa kuwa abin ya wuce ɓarna, karyewa ce nan take. Saboda haka ake kafa ma'aunin nauyi kafin mashiga, a sa shingen ƙarfe a sama wanda doguwar mota ba za ta wuce ba, a kayyade tazara tsakanin manyan motoci, tirelolin da ke tahowa daga tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan kuma a karkata su zuwa gadojin bayan gari ko a ba su dare. Duk wannan ba ya aiki idan mai tsaron shingen na karɓar na goro. Direban da ya ba da cin hanci ya wuce da lodi, da ma'aikacin da ya karɓa, sun sa rayukan duk waɗanda ke bayansu a kan gadar cikin haɗari.

Waɗanda aka fi mantawa da su a zane su ne waɗanda ba su da mota. Zagayen kilomita 8 ga mai mota ƙarin mai ne da 'yan mintoci. Ga mai sayar da shayi da ke tsallakawa da asuba, ko ɗan makaranta, ko mai amalanken kayan lambu daga gonakin Shambat, zagayen na iya zama ƙarshen sana'a ko karatu. Kuɗin bas kan tashi, farashin tumatir da albasa a kasuwa ya bi shi. Hanyar ratse da ba ta da wurin tafiyar ƙafa mai shinge da fitila ba ta cika ba. Haka nan motar asibiti da ta kashe gobara na buƙatar hanyar da za a buɗe musu nan da nan, kuma tun kafin a rufe gada ya kamata a san asibitin da kowace unguwa za ta nufa. Gada kuma ba motoci kaɗai take ɗauka ba. Sau da yawa a jikinta ake rataya bututun ruwa da wayoyin lantarki da na sadarwa, waɗanda dole a sama musu tasu hanyar tukuna.

Sanarwa takan fara makonni kafin rufewa, a rediyo da masallatai da tashoshin mota, tare da shugabannin direbobi, a faɗi ranar rufewa da hanyar da za a bi da ranar da ake sa ran buɗewa. Alamomi su fara tun daga nesa, inda direba ke da damar sauya hanya, su kuma zama masu ƙyalli, domin idan guguwar ƙura da ake kira habub ta taso, mutum ba ya ganin abin da ke gabansa. Bayan buɗewa ana duba ƙusoshin gadar ƙarfe a kai a kai, ana cike ramuka tun suna ƙanana, ana sake ƙidaya don a gyara abin da lissafin farko ya kuskure. Kuɗin wannan kulawa a cikin kwangilar ya kamata a rubuta shi, da sunan wanda zai ɗauki alhaki.

Idan sabuwar gada ta kammala, akan gwada ta da manyan motoci masu lodi da aka san nauyinsu, a auna yadda ta lanƙwasa, sannan a karkata jama'a zuwa kanta. Daga nan sai kwashe hanyar ratsen: a zare turakun, a ɗebe ƙasa da duwatsun da aka zuba a kogi, a mayar da gaɓa yadda take, a gyara titunan unguwannin da suka sha nauyin da ba nasu ba. Gutsattsarin gadar ƙarfen ana wanke su, a shafa musu fenti, a adana su don wani mashigin. A Hartum da Umdurman wannan kwashewa dole a gama ta kafin watan Yuli, lokacin da ruwan Habasha ke fara isowa.